Kakanmu Mai Injin Niƙa Ne

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata al'ada da muka lura da ita tun ranar da muka sa ƙafa a wannan jami'a. In dare ya yi aka taru a ɗakin kwana, hira ta yi hira har ta gangaro kan asali, to, ba za ka ji ɗan talaka ko ɗaya ba. Wannan ya ce kakansa ya riƙe tuta a zamanin jihadi. Wancan ya ce gidansu ne ke da sarautar gari kafin Turawa su karɓe ta su ba wasu. Na can gefe kuwa, da ya rasa ta cewa, sai ya ce kakan kakansa wani malami ne da ya taso daga Gabas, ya yada zango a garinsu, aka hana shi wucewa saboda zurfin karatunsa. Mukan saurara mu yi shiru, amma a zuci muna tambaya: in kowa jikan sarki ne ko jikan malami, shin wa ya noma geron da sarakunan nan suka ci, wa kuma ya niƙa shi?

To, mu dai yau za mu fasa ƙwai. Mu da muke wannan rubutu jikokin mai injin niƙa ne, daga wani ɗan ƙauye kusa da Adabka, cikin ƙasar Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara. Uwarsa kuwa 'yar dakau ce, watau da taɓarya ta ci da 'ya'yanta. Mun yi hutu biyu muna bin sawun waɗannan mutane, kuma abin da muka gano ya sa muke ganin wajibi ne kowane ɗalibi da kowane matashin ma'aikaci daga Anka da Gummi da Bukkuyum ya yi irin wannan bincike a gidansu. Ya yi shi kuma bana, kada ya ce sai baɗi.

Ba wai ƙasarmu ba ta da rubutaccen tarihi ba ne. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zauna da masana a Anka, ya buga littafin tarihin Zamfara a 1959. Marigayi Dokta Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, a kan kafuwar daular Zamfara da rushewarta ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1977. Albarkacin irin waɗannan ayyuka ne yau ɗan makaranta zai iya faɗa maka yadda sarauta ta faro daga Dutsi, ta zauna Birnin Zamfara, har Gobirawa suka ci birnin a shekarun 1760, zamanin Sarkin Gobir Babari, da yadda sarakunan suka yi ta ƙaura kafin su tabbata a Anka. Sai dai ko mai bincike ya so ya leƙa gidan talaka, abin da aka adana masa a fada shi zai fi tararwa: wane ya gaji wane, ya yi shekara kaza, ya yi yaƙi kaza.

Gidan sarauta yana da makaɗa da maroƙa masu riƙe masa jerin kakanni. Gidan malamai yana da tawada. Shi ya sa muka san asalin Shaihu Abubakar Mahmud Gummi, muka san mahaifinsa alƙali ne a Gummi, domin labarin rayuwarsa ya fito a littafi cikin 1992, shekarar da ya rasu. Gidan mai niƙa fa? Ba tambari, ba tawada. Aikinsa ya shiga tukunya, an ci, an wanke hannu.

A ƙasashen Turai abin ba haka yake ba, kuma ya kamata mu san dalili, kada mu ɗauka sun fi mu son iyayensu ne. A can niƙa sana'ar maza ce, mai gini, mai haraji. Tun cikin 1086, da Sarkin Ingila ya sa aka ƙidaya dukiyar ƙasarsa, an rubuta gidajen niƙa fiye da 5,000 waɗanda ruwan kogi ke juya wa dutse. Daga 1538 kuma aka umurci majami'un ƙasar su riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Sana'ar har ta zama sunan zuriya, gama a Jamus babu sunan iyali da ya kai Müller yawa, ma'anarsa kuwa mai niƙa. Saboda haka Bature yakan shiga ɗakin ajiyar takardu ya fito da kakansa na bakwai. Mu kuwa iyayenmu da yawa hedimasta ne ya ƙiyasta musu shekarunsu ranar ɗauka, ya sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, sa'an nan ya liƙa masa sunan garinsu a madadin sunan uba. Da alƙalami guda aka datse igiyar.

Babban dalili kuwa shi ne, a ƙasar Hausa niƙa aikin mata ne, a cikin gida ake yinsa, ba a gaban mai karɓar haraji ba. A tuna fa irin tafiyar da hatsi ke yi kafin ya zama tuwo a zamanin da babu inji. A ciro dami daga rumbu, a yi sussuka, a shiƙe, a yi surfe, a bakace dusa, a wanke, a baza ya sha iska, sa'an nan a durƙusa gaban dutse da ɗansa a niƙa, ko a koma turmi a daka, a tankaɗe, a mai da tsaki a sake. Kullum ta Allah haka, tun kafin assalatu, rani da damina. In dutse ya yi santsi ya daina ci, a kira makoɗi ya koɗa shi. Duk wani mayaƙi da aka yi wa kirari a bakin ganuwar Birnin Zamfara, da guzurin da wata mace ta niƙa ya fita. Sunanta ne kawai bai biyo shi ba.

Wadda ta sami hali takan ba da aikin a yi mata, shi ne dakau. Ladan 'yar dakau 'yan kwabbai ne, ko ɗan awo daga hatsin, wani lokaci har da dusar. Su wa ke yin dakau? Matar da miji ya mutu ya bar ta da marayu, da tsohuwar da ba ta da mai ɗaukar nauyinta, da kuma wasu waɗanda ba a son a ambata. Kafin zuwan Turawa, a gidajen masu hali, wannan wahala a wuyan kuyangi take. Gwamna Lugga ya yi shela cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a Maris 1903, amma ba a soke bauta ɗungum a dokar Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan mata masu yawa sun fanshi kansu, ko an 'yanta su, ko sun gudu, suka wayi gari ba gona, ba dangi, ba abin da suka mallaka sai ƙarfin damtse. Duk wanda ya kama igiyar 'yar dakau ya bi ta baya, ya shirya, don yana iya isa nan.

Mu dai mun isa. Gwaggonmu, babbar 'yar mai inji, yanzu tana zaune a Gummi gidan wani ɗan'uwa, tun da rashin zaman lafiya ya tashe su daga ƙauye. Muka gaishe ta muka ce, "Gwaggo, labarin kakarki muke so, wadda ta haifi Baba Mai Inji." Ta dube mu ta ce, "Ku ɗiyan boko, mi kuka biɗa ga zancen da ƙasa ta rufe?" Ta ci gaba da gyaran wakenta. Kwana biyu muna zuwa tana ba mu labarin farashin manja da ciwon gwiwa. Ran na uku, da ta ga mun bar littafi da biro a gida, ita da kanta ta ɗauko zancen. Ta ce kakarta a dakau ta tashi, a dakau ta tsufa, don ita ma wajen uwarta ta gada. Uwar nan kuwa askar fuskarta ba ta Zamfarawa ba ce, ta mutanen ƙetaren gulbin Ka ce. Tana yarinya aka kamo ta, ta girma tana niƙa a gidan wani mai sarauta, daga baya ta fanshi kanta da kuɗin kaɗi da na dakau. Ba ta taɓa faɗin sunan garinsu ba, ko ta manta ne, ko ta ƙi. Sai dai in ta durƙusa gaban dutse takan yi wata waƙa da harshen da ba mai ji a gidan. 'Yarta ta gaji kalmomin ba ma'ana. Gwaggo ta gaji karin kawai, ta ɗan yi mana shi da baki rufe, sa'an nan ta ce mu tashi mu ba ta wuri za ta yi salla.

Mun san abin da ke sa tsofaffi yin shiru a kan irin wannan, ba kuma wauta ba ce: aure ne. Har gobe akwai gidajen da za su tura a binciko asalin yaro, in aka ji ƙanshin bauta a kaka ta huɗu a ce an fasa. Don haka ba mu ce kowa ya hau kan dakali ya yi shelar abin da ya tono ba, mu ma ga shi ba mu kama suna ba. Amma a ra'ayinmu kunyar nan a kife take. Yarinyar da aka raba da uwarta, ta niƙa hatsin wasu shekara da shekaru, ta tara wuri-wuri ta sayi kanta, ita ce za a ji kunyarta, wanda ya kamo ta kuwa a yi masa kirari? In akwai jaruma a zuriyarmu, ita ce.

Shi kuwa kakan namu manomin auduga ne kamar kowa, har shekarar da ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya haɗa da kuɗin auduga, ya tafi Gusau ya dawo da tsohon inji na kamfanin Lister na Ingila a bayan babbar mota. Waɗanda suka tashi a ƙauye sun san irinsa: baƙin ƙarfe mai manyan ƙafafu biyu, mai shan man gas, da durom ɗin ruwa a gefe don kada ya yi zafi, da doguwar bel da ke juya fayafayan da ke cin hatsi. Da hannu ake wana shi, in ya kama kuwa ana jin bugunsa daga gonakin bayan gari. Yara su jera kwanoni tun hantsi, kowa da ɗan tsumman da uwarsa ta ɗaura don shaida. Shi kuwa ya wuni tsaye cikin ƙurar gari, gira fari, gemu fari, kamar wanda ya fito daga rumbu. Bel ta cinye masa yatsa guda. Da ya tsufa sai an ɗaga murya yake ji. Sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane, kowa Mai Inji.

Ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Injin ɗa shi ya kashe sana'ar uwa. Kafin a yi damina biyu, yawancin gidajen da ke ba da dakau sun koma aika yara wurin inji, tsofaffin da ke ci da taɓarya sai surfe ya rage musu. Gwaggo ta ce wasu sun yi ta Allah-wadai, suna cewa garin inji ƙarfe yake wari, tuwonsa ba ya kwana. Uwarsa ba ta taɓa yi masa magana a kai ba, amma har ta koma ga Allah ba ta aika hatsinta wurinsa ba, a dutsenta take niƙa abin da za ta ci. Ta wancan gefen kuma, 'yan matan gari sun sami sa'o'in da iyayensu ba su taɓa samu ba, kuma da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, kuɗin inji ne ya ɗinka wa iyayenmu rigar makaranta, shi ya kai su har makarantar kwana. In an bi diddigi, wannan alƙalami da muke rubutu da shi ma daga bakin injin nan ya fito. Muna ganin babu wani gwamna da ya sauya yinin matar ƙauye kamar yadda masu injin niƙa suka sauya shi, amma a nuna mana titi ɗaya da aka sa wa sunan ɗayansu.

Wanda zai yi wannan bincike, abu na farko da zai ci karo da shi shi ne shekaru. Tsoho ba ya ƙidaya da lamba, da aukuwa yake ƙidaya, saboda haka tilas ɗalibi ya tafi da kalandar aukuwa a kansa: shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda, 1929, hawan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, 1938, yunwar da aka yi wa laƙabi da 'Yar Gusau a farkon shekarun 1940, rasuwar Sardauna, 1966, komawa tuƙi hannun dama, 1972, canjin kuɗi, Janairu 1973. Mu da muka tambayi shekarar sayen inji, wani dattijo ya rantse kafin canjin kuɗi ne, don da fam aka biya. Muka rubuta. Ashe mun manta mutanenmu sun daɗe suna kiran naira biyu fam guda bayan an daina fam. Kishiyar kakarmu ce ta warware mana, ita da ba ta kama sunan miji sai dai ta ce "mai gidan nan". Ta ce shekarar da ya kawo shi mutane sun yi masa dariya, don ya sayo inji ga shi babu hatsin niƙa, sama ta ƙi. Wannan kuwa farin 1973 ne. Da ba mu tambayi mace ba, da mun buga ƙarya.

Takardu suna da nasu amfani, amma kada a sa musu rai da yawa. A Gidan Ajiyar Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin Lardin Sakkwato, cikinsu har da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta sa'ad da suke zagaya gundumomi don yanka haraji. Za ka sami yawan mutane da dabbobi da irin amfanin gona da sana'o'i, amma da adadi, ba da suna ba. Suna gaya maka duniyar da kakanka ya rayu a ciki, ba su gaya maka kakanka. Inda sunaye suke shi ne littattafan haraji na zamanin En'e da littattafan kotunan alƙalai, inda aka raba gado, aka yi shari'ar gona, aka rubuta fansar bayi. Mun je wani ofishi neman irinsu, aka buɗe mana wani ɗaki a baya. Gara ta riga mu, abin da ta rage kuma ruwan rufi ya manne shi. Rasiɗin haraji biyu kaɗai muka samu, su ma a cikin tsohuwar adakar kakarmu, naɗe cikin tsumma tare da layu.

Akwai kuma tarko. Ba'amurken nan Alex Haley ya girgiza duniya a 1976 da littafinsa Roots, inda ya ce ya bi zuriyarsa har ƙauyen Juffure a Gambiya. Daga baya masana tarihi suka nuna cewa mutumin da ya ba shi labari a can ya riga ya ji abin da baƙon ke nema, kuma shekarun da ke cikin takardu ba su yi daidai da labarin ba. Mu ma saura kaɗan. Wani tsoho da muka kai wa goro mai ɗan kauri ya ce ai kakanmu jinin gidan sarautar Anka ne, rigimar gado ta fito da ubansa. Gaskiya mun ji daɗi, har mun fara miƙe wuya. Da muka kai wa Gwaggo, dariya ta yi har da hawaye, ta ce kakanta na wajen uba ɗan ƙodago ne da ya zo cin rani ya zauna. Mai ba da labari yana karanta fuskar mai tambaya. In ka je da yunwar sarauta, sarauta za a dafa maka.

Wani zai ce, to, mene ne ruwan ƙasa da injin wani tsoho? Bari mu tuna masa 2010. Farashin zinari ya hau a kasuwar duniya, samari suka faɗa ramuka, ga duwatsun da suke haƙowa cike da dalma. Da me aka niƙa duwatsun? Da irin injin nan na niƙan hatsi, a tsakiyar gari, wasu kuma mata suka daka a turmi a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. A Maris na shekarar ne likitocin agaji na ƙungiyar MSF suka lura yara na ta suma suna mutuwa. 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza a ƙasar Anka, aƙalla yara 400 suka tafi, dubbai suka sha gubar. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ba a kai gare ta ba sai 2013. Ba mu ce sanin tarihi zai hana wannan ba. Talauci ne ya yi, don buhun dutse ya fi tiyar dawa lada nesa ba kusa ba. Amma a duba: maƙera suna da Sarkin Maƙera, mahauta suna da Sarkin Fawa, masu suna da Sarkin Ruwa, kowace sana'a da abin da ta gada na yi da bari. Niƙan inji ya shigo jiya, ba wanda ya ɗauke shi sana'ar da ta isa a yi mata ƙa'ida. An ce kakanmu ko barkono ba ya yarda ya biyo bayan hatsi sai an wanke inji. Wannan ilmi ne, ya kuwa bi shi kabari. Duk wanda zai rubuta labarin gubar dalma bai san yadda inji ya shigo ƙauyukan nan ba, daga tsakiya ya faro.

Abin da ya sa muke cewa bana ba baɗi ba, kowa ya san shi. A farkon Janairu 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Wannan ɗaya ke nan daga cikin masu yawa. Ƙauyuka sun watse, mutane sun tattaru a Anka da Gummi da Gusau, kuma in aka yi gudun hijira tsofaffi ne ke fara tafiya, don tsohon icce ba ya son dashe. Abin da ke tafiya da su ba tatsuniya ba ce. Su ne suka san wace gona ce gado, wace ce saye, wace ce aro, wace ce jingina, suka san cewa iyakar gidan wane daga gindin aduwa take zuwa jerin gamba. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya aka koma, daji ya cinye iyaka, shaidu suna lahira, to, waɗanda ke karatun lauya a cikinmu su shirya. Rigimar gona da za a yi a kwarin gulbin Zamfara, wanda ya rubuta bakin kakarsa yau shi zai kashe ta.

Wasu 'yan'uwa masu kishin addini sun ce mana tonon asali ƙofar alfahari ce. Da gaskiyarsu in sarauta aka je nema. Amma sada zumunci ba ya yiwuwa sai an san dangi, rabon gado ba ya yiwuwa sai an san magada, kuma ba mu ga alfaharin da ke cikin gano cewa kakanka ɗan ƙodago ne ba. Wanda ke ƙyamar niƙa kuma ya tuna Nana Faɗimatu, 'yar Manzon Allah (SAW), da hannunta take juya dutse har ya yi mata kanta, kamar yadda ya zo a ingantattun hadisai. Wasu kuma sun ce wa zai karanta labarin tsohuwar ƙauye? Su nemi littafin Baba ta Karo. Tsohuwa ce guda a ƙasar Zazzau, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a 1949 da 1950 tana rubuta bakinta, littafin ya fito a 1954, kuma ba mu san wani littafi da ya fi shi nuna yadda matan Hausa suka ga ƙarshen bauta da zuwan Turawa ba. Sai Baturiya ta ƙetaro teku kafin mu yarda kakanninmu mata suna da abin faɗa?

Muna roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai, su da ke samun kuɗin shirya rawa da walimar yaye, su keɓe wani abu don wannan aiki, su kuma nemi sassan Tarihi da na Harsunan Nijeriya su karɓi tarihin gidan mai sana'a a matsayin kundin kammala digiri. Kowa yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. A ɗauka, a rubuta, a ba dangi kofi, abin da suka yarda a fitar kuma a kai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna. Ba mu ce kowa ya bi hanyar da ba ta da lafiya ba, ai tsofaffin suna nan cikin gari yanzu, a zaure ko a soron aro. Ku kuma yayyenmu da kuka kama aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a kotu, ku tambayi masinja mabuɗin ɗakin nan na baya da ba mai shiga. In kun sami tsohon littafi, ku ɗauki hotonsa shafi-shafi kafin wani ya ba mai ƙosai.

Injin kakanmu dai an sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe tun bayan rasuwarsa, a kan kilo. Amma Gwaggo ta ce dutsen niƙan kakarta yana nan a kangon gidan, gindin tsamiya, ita da kanta ta kife shi da safiyar da za su fito, ta tura ɗansa ƙarƙashi. Ta ce tsakiyarsa ta lotsa har ana iya zuba ruwa kaji su sha. Da muka zo yi mata sallama za mu dawo makaranta, ta riƙe hannun ɗayanmu ta ce in hanya ta yi kyau mu nemi mai amalanke mu ɗauko mata shi. Muka ce to, Gwaggo. Har yanzu ba mu sami zuwa ba.